Kamu, Gaba, Ƙafa da Mita: Mu Koyi Juya Awon Tsawo

A yawancin ƙauyukanmu ana aiki da awo iri uku a lokaci ɗaya. Mai haƙar rijiya yana ƙirga zurfi da gaba. Kafinta da birkila suna magana da ƙafa da inci. Malamin gona da ma'aikacin lafiya kuwa sukan zo da takarda mai ɗauke da mita da santimita. Ranar Lahadi kuma a karanta cewa tsawon jirgin Nuhu kamu 300 ne, yara su yi ta tambaya ko daga ina zuwa ina ke nan.

Kowane awo cikin waɗannan yana da amfaninsa. Matsala takan taso ne sa'ad da mutum biyu suka ambaci lamba ɗaya, amma kowa da tsawon da yake nufi. A nan ne katako yakan kasa, igiyar guga ta ƙi kai ruwa, masai ya matso kusa da rijiya, 'yan'uwa kuma su yi ta jayayya a kan kuɗin aiki. Wannan darasi zai nuna hanya mai sauƙi ta juya awo daga wani zuwa wani. Ƙungiyar manoma, zumuntar mata, matasa ko kwamitin gini duk suna iya yin nazarinsa tare. Ku tanadi tef na tela ko rular 'yan makaranta, da sanda miƙaƙƙiya, da igiya, da allo ko takarda.

Awon da ke jikinmu

Tun kafin a san tef, mutane a ko'ina cikin duniya da jikinsu suke awo. Ga waɗanda muka fi sani, da kimanin tsawonsu a jikin babban mutum:

- Yatsa: faɗin yatsa guda, kusan santimita 2.
- Yatsu huɗu a haɗe, wato faɗin tafin hannu: santimita 7 zuwa 8.
- Taƙi: daga kan babban yatsa zuwa kan ƙaramin yatsa in an ware hannu, kamar santimita 22. A wasu wurare a yatsan tsakiya ko a manuni ake tsayawa, saboda haka a riƙa tambaya.
- Kamu: daga gwiwar hannu zuwa kan yatsan tsakiya, kamar santimita 45.
- Gaba: daga kan yatsan hannun dama zuwa na hagu in an buɗe hannuwa duka biyu. Yawanci yakan zo daidai da tsayin mutumin.
- Taku: tazarar da ƙafa take ci a tafiya ta yau da kullum, santimita 60 zuwa 80.

Akwai dangantaka tsakaninsu. A jikin yawancin mutane, taƙi biyu kamu ne, kamu huɗu kuma gaba guda. Ku gwada ku gani.

Amfanin wannan awo shi ne ba a saye, ba a mantuwa da shi a gida, wanda bai yi makaranta ba ma ya iya shi. Aibinsa kuwa ɗaya ne: yadda yatsun hannu ba su zama daidai ba, haka jikin mutane. Kamun dogo ya fi kamun gajere. In a tsawon tabarma ne, bambancin ba zai dami kowa ba. In a rijiya mai gaba goma ne, bambancin yana iya wuce tsayin mutum.

Awon kasuwa da awon takarda

Inci, ƙafa, yadi da mil sun shigo mana ne ta hannun Turawan Ingila. Su ma daga jiki aka fara su, sai dai daga baya hukuma ta tsayar musu da tsawo guda. Tun 1959 ƙasashen da ke aiki da su suka yarda cewa inci ɗaya santimita 2.54 ne daidai. Inci 12 ƙafa ne, ƙafa 3 yadi ne, yadi 1,760 kuma mil ne.

Awon mita daga Faransa ya fito, a shekarun 1790. A lokacin kusan kowane lardi na ƙasar yana da nasa awo, abin da ya hana ciniki tafiya daidai. Sai masana suka lissafa nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da tsakiyarta, suka raba shi gida miliyan goma, suka kira kashi ɗaya mita. A 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a birnin Paris a kan yarjejeniyar wannan awo. Sauƙinsa shi ne kome da goma-goma yake tafiya: santimita 100 mita ne, mita 1,000 kilomita ne. Nijeriya ta koma awon mita a hukumance a shekarun 1970, Nijar kuwa ta saba da shi tun zamanin mulkin Faransa. Duk da haka a kasuwannin Nijeriya har yanzu katako da ƙafa ake sayar da shi, ƙusa da bulo da inci, atamfa da yadi.

Ga lissafin da ya kamata a rubuta a manna a bango:

- Inci 1 = santimita 2 da rabi, da ɗan ɗoriya.
- Ƙafa 1 = santimita 30 da rabi. Ƙafa 10 kusan mita 3 ne.
- Yadi 1 = santimita 91 da rabi. Yadi 11 kusan mita 10 ne.
- Mil 1 = mita 1,609. Mil 5 kusan kilomita 8 ne.
- Mita 1 = ƙafa 3 da inci 3, da ɗan ɗoriya.

Da wannan za mu gane cewa katako mai ƙafa 12 mita 3 da santimita 66 ne, turmin atamfa mai yadi 6 kusan mita 5 da rabi ne, fuloti mai ƙafa 50 da 100 kuma kamar mita 15 da mita 30 ne. Ku lura, yadi bai kai mita ba. Wanda aka ce ya kawo igiya mita 20, ya sayo yadi 20, ya dawo da giɓin mita 1 da santimita 70.

Matakai uku na juya awo

Kada a yi ƙoƙarin tsallakawa kai tsaye daga gaba zuwa ƙafa, ko daga kamu zuwa yadi. A bi ta santimita, kamar yadda ake bi ta gada a haye rafi.

1. Ku san santimita nawa ne a cikin awon da kuke riƙe da shi. In awon jiki ne, ku auna na mutumin da ya yi awon.
2. Ku ninka wannan da yawan awon. Yanzu duk tsawon ya koma santimita.
3. Ku raba da yawan santimita da ke cikin awon da kuke nema. In mita ne ku raba da 100, in ƙafa ne da 30 da rabi, in yadi ne da 91 da rabi.

Ku yi sandar mita

Ku sami gora ko sanda busasshiya wadda ba ta lanƙwashe ba. Ku auna santimita 100 da tef ku yanke. In rula kawai ke akwai, tsawonta sau uku da ƙarin santimita 10 ya ba da mita, in mai santimita 30 ce. Ku yi tsaga da wuƙa a kowane santimita 10, da tsaga mai zurfi a 25, 50 da 75. Sa'an nan ku ɗauki igiya ku ƙulla ta a kowane mita har 10. Sabuwar igiya takan miƙe, jiƙaƙƙiya kuma takan tsuke, saboda haka a riƙa gwada ta da sandar lokaci lokaci. A ajiye su wurin da kowa zai iya ara, kamar ofishin ikilisiya ko gidan mai unguwa.

Yanzu kowa ya auna taƙinsa, kamunsa da buɗin hannuwansa a jikin sandar, ya rubuta. Domin taku, ku shimfiɗa igiyar mita 10 a ƙasa, mutum ya bi gefenta da tafiyarsa ta kullum yana ƙirgawa. Ya yi haka sau uku ya riƙe lambar da ta fi fitowa. Daga ranar jikinsa ya zama tef ɗin da zai iya dogara da shi.

Misali na fari: zurfin rijiya

A ce mai haƙa ya ce rijiya ta kai gaba 8, za a kuma sayo bututun famfo wanda ake aunawa da mita ko ƙafa. An auna buɗin hannuwansa an sami santimita 170. A ninka 170 sau 8, a sami santimita 1,360. A raba da 100, ya zama mita 13.6. In da ƙafa ake so, a raba 1,360 da 30 da rabi, a sami kusan ƙafa 45.

Wannan ya shafi kuɗin aiki ma. In an yi jinga a kan gaba 10, mai buɗin hannuwa santimita 160 zai tsaya a mita 16, mai santimita 185 kuwa sai ya kai mita 18 da rabi. Tsakaninsu akwai mita 2 da rabi na haƙa, sau da yawa kuma a wannan ƙasan ne ruwan rani yake. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma rigima za ta tashi. Maganin abin shi ne a yanka sanda guda a gaban shaidu tun ranar ciniki, a ce wannan ita ce gaba a wannan aiki, a rubuta tsawonta da santimita a takardar yarjejeniya.

Misali na biyu: nisan masai da rijiya

Ƙa'idar da ma'aikatan ruwa da tsabta suka fi bi ita ce ramin masai ya yi nesa da rijiya aƙalla mita 30, gindin ramin kuma ya tsaya aƙalla mita 1 da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa da damina. Dalili shi ne ƙazanta tana bin ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, ta kai ƙwayoyin gudawa, amai da gudawa da zazzaɓin taifot cikin ruwan sha.

Mutane da yawa in suka ji mita 30 sai su ƙirga taku 30. Amma in mutum yana cin mita 10 da taku 14, to mita 30 taku 42 ne a gare shi. Taku 30 ɗinsa mita 21 ne kawai, saura mita 9. Wanda kuma ya ji “talatin” ya ɗauka ƙafa ake nufi, a mita 9 zai haƙa masai, wato bai kai ko kashi ɗaya cikin uku na nisan ba. A irin wannan awo na kare lafiya, in lissafi ya bar saura a ƙara, kada a rage. Rigakafi ya fi magani.

Misali na uku: tazarar shuka

Malaman gona sukan ba da shawarar shuka masara da tazarar santimita 75 tsakanin layi da layi, da santimita 25 tsakanin rami da rami in ƙwaya ɗaya za a bari. Ga mai kamun santimita 45 da taƙin 22, santimita 75 shi ne kamu ɗaya, taƙi ɗaya da yatsu huɗu. In ya ga wannan da wuya ya ce bari ya yi kamu biyu, ya koma santimita 90 ke nan. A gona mai faɗin mita 100, tazarar 75 tana ba da layi 133, tazarar 90 kuwa layi 111. Layi 22 sun tafi, ga shi noma da kuɗin ƙwadago ba su ragu ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne a yanka kara biyu, ɗaya na 75 ɗaya na 25, a ba duk wanda ya zo gayya.

Tsofaffin awo na Littafi Mai Tsarki

Isra'ilawa ma da jiki suke awo, tsarinsu kuma ya yi kama da namu: yatsu 4 tafin hannu, tafin hannu 3 taƙi, taƙi 2 kamu. Wasu fassarori sun bar waɗannan sunaye, wasu sun juya su zuwa ƙafa, mil ko mita. Masana sukan lissafa kamu a kan santimita 45. Da matakan nan uku za mu sami haka:

- Jirgin Nuhu (Farawa 6:15): kamu 300 da 50 da 30, wato tsawo mita 135, faɗi mita 22 da rabi, tsayi mita 13 da rabi. Ya fi filin ƙwallo na manya tsawo.
- Goliyat (1 Sama'ila 17:4): kamu 6 da taƙi, wato kusan mita 3.
- Haikalin Sulemanu (1 Sarakuna 6:2): kamu 60 da 20 da 30, wato mita 27 da 9 da 13 da rabi. Ku gwada da tsawon majami'arku.
- Zurfin teku a tafiyar Bulus (Ayyukan Manzanni 27:28): gaba 20, sa'an nan gaba 15, wato kamar mita 37 da mita 28. Ragowar zurfin ne ya nuna wa matuƙa cewa sun kusa gaɓa.

A Sabon Alkawari akwai kuma awon Helenawa da Romawa. Sitadiya ita ce tsawon filin tsere, kamar mita 185. Daga Urushalima zuwa Betanya sitadiya 15 ne, kusan kilomita 3 (Yahaya 11:18). Zuwa Imuwasu sitadiya 60 ne, kamar kilomita 11 (Luka 24:13). Mil na Romawa, wanda ake nufi a Matiyu 5:41, kamar mita 1,480 ne, bai kai mil na Ingila ba. Tafiyar Asabar kuwa (Ayyukan Manzanni 1:12) kamu 2,000 ce bisa ga al'adar malaman Yahudawa, wato kamar mita 900.

Su ma a wancan zamani kamu bai zama ɗaya ba. A Ezekiyel 40:5 an yi aiki da dogon kamu, wato kamu da ƙarin tafin hannu, kamar santimita 52, sandar awon kuwa dogon kamu 6 ce, ta ɗan wuce mita 3. Magina na Masar ma suna da kamun sarauta mai tafin hannu 7, kamar santimita 52 da rabi. Sun sassaƙa shi a jikin sanduna na itace da na dutse, wasu suna nan har yau a gidajen tarihi na Turin da Paris. Abin da muka yi da sandar mita, shi suka yi shekaru dubbai da suka wuce.

Ta yaya aka san tsawon kamunsu?

Aikin ruwa ne ya taimaka. Wajen shekara 700 kafin haihuwar Almasihu, sa'ad da Assuriyawa suke barazana ga Urushalima, Sarki Hezekiya ya sa aka janyo ruwan maɓuɓɓugar Gihon zuwa cikin birni (2 Sarakuna 20:20, 2 Tarihi 32:30). An fafe hanya cikin dutse a ƙarƙashin ƙasa har zuwa tafkin Siluwam. Ma'aikata kashi biyu suka fara daga baki biyu, suka haɗu a tsakiya. A 1880 aka gano rubutun Ibrananci a bangon hanyar, wanda ya ba da labarin haɗuwarsu, ya kuma ce tsawon da ruwan ya bi kamu 1,200 ne. Dutsen rubutun yana gidan tarihi na Istanbul a Turkiyya, hanyar ruwan kuma tana nan har yanzu. Da aka auna ta, an sami kamar mita 533.

Ku yi lissafin da kanku. Mita 533 santimita 53,300 ne. A raba da 1,200, a sami santimita 44 da ɗoriya. Mai yiwuwa masu rubutun sun cike lambar ne domin ta tafi daidai, saboda haka amsar kimantawa ce, amma ta zo kusa ƙwarai da santimita 45. Da ba su rubuta lamba tare da sunan awonta ba, da ba za a iya wannan lissafi ba bayan shekaru 2,700.

Abubuwan tunawa

- Kada a faɗi ko a rubuta lamba ita kaɗai. A ce mita 30, ƙafa 30 ko taku 30.
- In awon jiki ne, a tambaya na wane ne.
- Mutum ɗaya ko sanda ɗaya ta auna aiki daga farko har ƙarshe.
- Kafin a biya kuɗin kaya, a auna da tef a gaban mai sayarwa.

Tattaunawa

1. Waɗanne sunayen awon tsawo ake da su a yarenku? Ku tambayi tsofaffi, ku rubuta su, ku auna kowanne da sandar mita domin kada su ɓace.
2. Ku jera mutum biyar, maza da mata, ku auna kamunsu. Nawa ne bambancin mafi tsawo da mafi gajarta? Nawa zai zama a kamu 100?
3. An taɓa samun saɓani a garinku saboda awon gona, fili ko rijiya? Me zai iya hana shi tun farko?
4. Ku karanta Littafin Firistoci 19:35-36 da Maimaitawar Shari'a 25:13-16. Me ya sa aka haɗa maganar awo da maganar gaskiya? Wa ya fi cutuwa in awo bai tsaya wuri ɗaya ba?
5. Sau da yawa gwauraye mata da waɗanda ba su iya karatu ba ne ake rage wa awo. Ta yaya ikilisiya za ta taimake su a lokacin sayen fili ko rabon gādo?

Aikin wannan mako

Ku rabu ƙungiya ƙungiya, kowace da igiyar mita 10. Ku zagaya unguwa ku auna nisan kowane masai da rijiyar da ta fi kusa da shi, da izinin masu gida. Ku rubuta duk inda bai kai mita 30 ba, ku kawo wa kwamitin ruwa ko ma'aikacin lafiya a taro na gaba, a shawarta abin yi kafin ruwan sama ya sauka. 'Yan makarantar Lahadi kuma su je fili da igiyar, su kafa turaku a kusurwa huɗu na jirgin Nuhu, mita 135 da mita 22 da rabi, su tsaya a ciki su ga girmansa da idonsu.